Kafin Ku Kama Hanyar Bakin Teku

Ran nan bayan sallar isha'i wasu samari huɗu suka same ni a ƙofar gida, cikinsu har da ɗan ƙanena. Aka gaisa, aka ɗan taɓa hirar gari, sannan babbansu ya gyara zama ya fito da abin da ke tafe da su. Wai wata goma ke nan suna zuba adashi, kuɗi sun taru, kuma sun ƙudura idan Disamba ta kama za su ɗauki mota su gangara Legas, daga can su bi bakin teku har ƙurewar ƙasar Gana. Sun ji an ce na san hanyar, shi ne suka zo in sa musu albarka, in kuma faɗa musu inda ake cin daɗi. Suna magana suna satar kallona, da alama jira suke in ce kada su je.

Ban hana su ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da ya iya tara kuɗi wata goma bai taɓa ba ya isa ya je ya ga duniya. Sai dai dare ya yi mana, ban faɗa musu ko rabin abin da ke bakina ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin su da ire-irensu, maza da mata, waɗanda hotunan waya suka kwaɗaita wa ganin teku.

'Ya'yana, magana guda nake so ku riƙe, sauran duk rassanta ne. Kuna zaton za ku inda ba wanda ya san ku. Gaskiya ne ba a san sunan da aka raɗa muku ba, amma akwai wani suna da ya riga ku isa can da shekaru fiye da ɗari, kuma da shi za a karɓe ku. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, da malamai, da mahauta, da sojojin da Turawan Ingila suka ɗiba daga Legas a 1873 don yaƙin Asante, su suka kai shi. Inda suka sauke kaya nan ya zama zango, kuma har gobe da wuya ka sami babban gari a wannan gaɓa da ba shi da unguwar Zango. Da kun buɗe baki kun yi sallama an san daga inda kuka fito. Abin da kuka aikata, mai kyau ko maras kyau, a kan wannan suna zai hau.

Mu fara da hanya. Daga Legas zuwa Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai nisan Kano zuwa Maiduguri ba. Kada wannan ya ruɗe ku, domin iyakoki uku ne a tsakani. Akwai Seme bayan an wuce Badagiri, akwai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflawo, wadda ke manne da birnin Lome har mutum kan taka da ƙafa daga cikin gari ya shiga Gana. Kowace da layinta, da hatiminta, da masu jiran baƙon da ya ruɗe. Wanda ya ce muku tafiyar awa bakwai ce bai sa shingayen hanya a lissafi ba. Ku ba ta yini guda cur, in ma da hali ku kwana a Kwatano ko Lome. Ai ba tsere kuka fito ba. Ku tsaya ku ga tururuwar 'yan acaɓa masu riguna ruwan ɗorawa a Kwatano, ku bi titin Lome da itatuwan kwakwa suka yi wa layi. Gaɓar Togo gaba ɗayanta ba ta kai kilomita 60 ba, wanda ya yi gyangyaɗi a mota sai ya farka ya tarar an wuce ƙasa guda.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma rashin biza ba rashin takarda ba ne. Kowa ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin shawara, katin gaske wanda aka yi masa allura, ba na sayarwa a bakin iyaka ba. Idan da motarku za ku, sai lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun motar cikakku, da inshorar ECOWAS, da takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci. 'Yan uwanmu na Nijar kuma, tun da ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, su tambayi yadda ake ciki kafin su ɗaura kaya. Kowa ya saurari labarai, don iyaka ƙofa ce, ana iya rufe ta. Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Kada ku raina takarda. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardar zama a Gana, Hausawa da yawa suka dawo gida da abin da hannu zai iya ɗauka. A 1983 Najeriya ta rama a kan 'yan Gana, har jakar nan mai zane-zane da kuke zuba kaya a ciki ta samo sunanta daga wannan kora.

A bakin iyaka kada fasfonku ya shiga hannun wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan tebur, komai daɗin bakinsa, ko da da Hausa ya tare ku. Kada ku karɓi saƙon ɗaurin da ba ku ga cikinsa ba. Wajen 'yan canji, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, ku ƙirga a gabansu, ku sake ƙirgawa. Kuɗinku ku kasa su uku, a jikin mutum uku, kason komawa gida kuma ku ɗauka ba naku ba ne har sai an juyo. Da kun shiga Togo ku mayar da agogo baya da awa guda, haka zai zauna har Gana. Sannan ku yi mini alkawarin ba za ku yi tuƙin dare ba. Hanyar Akra zuwa Kef Kos, kimanin kilomita 150, mafi yawanta mota na zuwa mota na dawowa ne a kan kwalta guda, ga manyan motoci, ga masu wuce juna a kan kwana. Za ku ga alluna a gefen titi an rubuta adadin waɗanda suka mutu a wurin. Ba don ado aka kafa su ba.

Yanzu mu zo kan abinci, inda na san hankalinku yake. A nan ne za ku fara cin karo da sunan da na faɗa muku. Ku tashi da sassafe a Akra ku nufi Nima ko Sabon Zango. Za ku tarar da layi a gaban wata Hajiya, tana zaune bayan ƙatuwar tukunya da aka lulluɓe da ƙyalle, tururi na tashi. A layin akwai mai kwat da taye, akwai yaron mota, akwai 'yar makaranta, Kirista da Musulmi. Abin da suke jira suna rubuta shi waakye, suna furta shi wace, kuma ba wani abu ba ne illa wakenmu, wato shinkafa da wake. An dafa shi da karan dafi da 'yar kanwa har ya yi ja. Za ta shimfiɗa koren ganye mai faɗi a tafin hannu, ta zuba, ta ɗora taliya, da garin rogo, da dafaffen ƙwai, da ganda, da soyayyen kifi, sannan ta kawo wani baƙin yaji mai maiƙo ta ɗiga a gefe. Shi ne shito, barkono ne da aka soya a mai tare da busasshen kifi da jatan lande da citta da albasa har ya yi baƙi. Ku fara da kaɗan. Ran da na fara ci na ɗauka garau-garau ne ya yi tafiya ya dawo da kuɗi.

Ku kasa kunne ku ji sunayen. Taliyar nan taliya suke ce mata. Ƙanzon gindin tukunya kanzo ne a bakinsu. Kokon gero mai citta da kanumfari da duk Akra ke karyawa da shi sunansa Hausa koko, abokin tafiyarsa kuma kose. Akwai tuwon zafi, akwai fura, akwai tsire da suke kira cicinga. Idan kuka fita Akra ta yamma, gari na farko mai cunkoso da zai riƙe ku sunansa Kasoa, daga kalmar kasuwa. Ku tsaya ku yi tunani. Mutum ba ya sa abin wani a bakinsa kullum safiya sai ya yarda da shi. Waɗanda suka riga ku ba da bindiga suka sa al'umma guda ta riƙa kiran abincinta da harshenmu ba. Tsafta ce da cika mudu da riƙon amana, shekara da shekaru. Wannan yardar za ku tarar, ba ku kuka tara ta ba. Kuma idan kuka ji ɗan zango ya ce “Hajiya ya zo”, kada wanda ya yi dariya. Hausarsu ba ta raba namiji da mace, haka ta tashi a tsakanin harsuna da dama, kuma sun riƙe ta ne a inda sakinta ya fi sauƙi.

Amma kada ku yi tafiyar kilomita ɗaruruwa ku ƙare a kan abin da kuka baro a gida. Ku ci na masu gari. Dokunu, wato tuwon masara mai tsami, iri biyu ne. Na mutanen Ga a Akra a ɓawon masara ake naɗe shi, ana cinsa da zafi, da ɗanyen barkono da tumatir da aka niƙa a kasko, da kifin da aka tsamo daga mai yanzun nan. Na Fante kuma a ganyen ayaba yake, ya fi tsami, yana kwanaki bai lalace ba, za ku gan shi jibge a bakin titi wajen Yamoransa kafin ku shiga Kef Kos. Ku ci banku da gasasshen karfasa. Ku ci miyar kifi da manja ta Fante. Idan kun kai ƙasar Nzema, can wajen Aksim, ku nemi aceke, wanda ake yi da rogo. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, saboda haka ƙaguwa da jatan lande ba abin gudu ba ne, ko da idonku bai saba da su ba.

Inda ake taka tsantsan shi ne nama. Ana cin alade a bakin tekun nan, a Akra akwai gasasshensa da ake kira domedo, ana kuma cin naman daji, kuma tukunyar miya guda a gidan abinci tana iya haɗa iri uku. Matambayi ba ya ɓata. Ku yi tambaya da sakin fuska, ba da yatsina ba, domin sun saba zama da Musulmi, su da kansu za su ce maka wannan ba naka ba ne. Idan kun yi shakka, ga kifi, ga mahautan zango. Haka abin sha. Zoɓo yana nan, sobolo suke ce masa, ga ruwan kwakwa ana fasa maka a gabanka. Amma akpeteshi na Gana da sodabi na Benin da Togo barasa ce mai ƙarfi, fara tas kamar ruwa. Ku ci abinci da zafinsa, a inda layi ya fi tsawo, ku sha ruwan da kuka buɗe da hannunku, ku kwana cikin gidan sauro. Ciwon ciki ya sha mayar da tafiyar mako guda ta koma jinya a ɗakin otal.

Sai teku. Ɗan Arewa ya iso bakin teku, ya tuɓe riga, ya ce ai shi ya iya ruwa, tun yana yaro yake iyo a kududdufi da dam. Teku ba dam ba ne. A wannan gaɓa akwai wuraren da ruwan da igiya ta kawo yake komawa ta wata 'yar siririyar hanya da ƙarfin gaske, daga sama kuma wurin ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Idan ya ja mutum, wanda ya yi kokawa da shi don ya dawo kai tsaye gajiya zai yi ya nutse. Dabarar ita ce a bi gefe, a jere da gaɓa, har a fita daga jan. Mafi alheri ku tambayi masunta inda ake shiga, in ba ku ga 'yan gari a ruwa ba ku ma ku tsaya a rairayi. Mutanen da aka haifa a cikin kwalekwale ma ran Talata ba sa fita kamun kifi a yawancin garuruwan Gana, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Idan masu teku suna jin nauyinsa haka, ina ga baƙo? Wani amfanin tekun kuma, idan lokacin salla ya yi kun rasa gabas, ku sa shi a hannun dama ku ɗan karkata hagu, kun kusa daidai. Kuna da sauƙin kasaru a hanya, sai inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu.

Idan kun isa Elmina ku je kan gadar bakin kogin Benya da safe, lokacin da kwale-kwale ke shigowa. Ɗaruruwa ne, an yi musu fenti kala-kala, tutoci na kaɗawa, mata sun shiga ruwa har gwiwa da manyan kwanoni suna ciniki da ihu, hayaƙin bandar kifi ya turnuƙe unguwa. Ku gaisa kafin ku ɗaga waya, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum. Kalma guda ta godiya da harshensu, medase a wajen Fante, akpe a wajen Ewe, tana buɗe ƙofar da kuɗi ba sa buɗewa.

Daga kan gadar za ku ga farin gini ya tokare sama. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Shi da ɗan uwansa na Kef Kos suna cikin wuraren tarihi da UNESCO ta sa a kundinta tun 1979. Ku biya ku shiga, ku bi mai yi muku bayani. Zai kai ku ɗakunan ƙasa inda aka riƙa cusa mutane ɗaruruwa makonni, ba haske sai wata 'yar kafa can sama. Zai nuna muku barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓar mace daga cikin bayi. A Kef Kos zai nuna muku inda ɗakin ibadar Turawan yake, daidai saman kurkukun maza. Daga ƙarshe ku bi ta wata matsattsiyar ƙofa mai kallon teku, wadda wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa. A nan na ga wasu samari suna gyara tabarau suna ɗaukar hoto da dariya, a gefensu wata baƙar fata daga Amurka ta dafa bango tana kuka. Kada ku zama su. Kuma kada ku ɗauka labarin wasu ne. Da yawan waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa, musamman Wida da Badagiri da Legas, daga Arewa aka gangaro da su. Akwai Hausawa a cikinsu, har sun yi yunƙurin tawaye a Bahiya ta ƙasar Birazil a 1807. Kasuwar Salaga da kakanninmu ke sayen goro, ana sayar da mutane a cikinta. Muna cikin waɗanda aka sayar, hannunmu kuma bai fita daga cinikin ba. Wanda ya fito daga wannan gini bai yi shiru na ɗan lokaci ba, bai ga komai ba.

To, ga dare ya yi. Ba zan yi muku ƙarya in ce daren bakin teku ba shi da daɗi ba. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, iska mai sanyi ta taso daga ruwa, gari ya sake sabon rai. A kasuwar dare ta Osu da ke Akra ana cin dokunu da kifi a hasken fitila. A bakin titi mata na soya kelewele, nunanniyar ayabar suya ce da aka yanka ƙanana aka cuɗa da citta da barkono, ƙamshinta kaɗai ya isa ya tsayar da mota. Akwai wuraren da makaɗa ke busa ƙaho suna kaɗa jita, kiɗan hailaif irin wanda su E.T. Mensah suka yi suna da shi, tsofaffi da jikokinsu suna zaune suna saurare. A Nima mai shayi ba ya tashi da wuri, ana hirar ƙwallo da siyasa da Hausa har tsakar dare. Duk wannan dare ne, kuma ba abin kunya a cikinsa. Akwai kuma ɗaya daren, na mashaya da gidajen rawa a Osu da Labadi da bakin ruwan Lome, musamman a Disamba da baƙi ke cika gari, farashin komai ya ninka. Wahalar ita ce ba katanga tsakanin biyun. Titi guda ne, taku goma ya raba su.

Bari in ba ku labarin da har yau nake jin nauyinsa. Shekarun baya mu biyar ne a mota, ƙaraminmu wani saurayi ne ɗan maƙwabcinmu, yaro mai kunya, wanda ko sigari ba a taɓa gani a hannunsa ba. Don amanarsa ma muka ba shi riƙon kuɗin mai. Muka sauka a wani ƙauyen masunta yamma da Akra, daren Asabar, kiɗa na tashi daga bakin ruwa har gadon da nake kwance yana amsawa. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Kawu, bari in leƙa in dawo, ba zan wuce rabin awa ba.” Na gaji, na ce ya je. Laifina ke nan, na bar shi ya tafi shi kaɗai, da jaka a rataye.

Muka tashi sallar asuba ba ya nan. Gari na wayewa wani masunci ya zo ya kira mu. Muka same shi zaune ya jingina da kwalekwale, takalmi ƙafa ɗaya, rairayi har cikin gashinsa, ido ya yi ja, ba jaka, ba waya, ba fasfo. Abin da ya iya tunawa, wasu samari biyu masu fara'a sun kira shi aboki, ya ce musu ba ya shan giya, suka ce ba komai, suka kawo masa lemo. Kwalbar a buɗe ta zo. Daga nan bai san inda kansa yake ba.

Ba mu da wanda muka sani, sai muka tambayi hanyar zango. Sarkin Zango dattijo ne, ya saurare mu har ƙarshe bai katse mu ba. Bayan azahar liman ya yi wa jama'a bayani, aka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci, masu sayar da goro da direbobi da teloli suka yi ta jefa abin da ya sawwaƙa. Aka haɗa mu da wani matashi ya raka mu wajen 'yan sanda, ya kuma nuna mana yadda za a samo takardar komawa gida. Da za mu tafi yaron ya durƙusa yana godiya yana hawaye, yana cewa, “Ranka ya daɗe, wallahi ban sha komai ba.” Dattijon ya dafa kansa ya ce, “Na yarda, ɗana. Kuɗi kuma ba komai ba ne, an tara an ba ka. Amma masuntan da suka tsince ka ba su ce ga wane ɗan wane ba. Cewa suka yi ga wani ɗan zango ya bugu ya kwana a rairayi. Kai gobe ka tafi. Mu za mu zauna da maganar.”

Tun daga ranar nake da dokokina na dare, ga su na ba ku kyauta. Tare aka fita, tare za a dawo, ba a barin kowa a baya ko da ya rantse. Fasfo da kuɗin hanya ba sa zuwa yawon dare. Abin sha a buɗe shi a gabanka, in ka tashi ka bar shi ya zama na ƙasa. Rairayin da ba fitila ba wurin zama ba ne, komai kyan farin wata. Wanda ya miƙo maka ƙwaya ko abin busawa, ko wadda ta fara son ka cikin minti biyar, ba kai suka gani ba, aljihunka suka gani. A sa lokacin komawa tun kafin a fita, a kuma san motar da za a hau. Ku kuma 'yan mata, ku tafi da yardar iyaye, cikin 'yan uwan da za su tsaya muku, kada ɗaya ta bi wani ita kaɗai don ya ce ga wani wuri can ya fi nan. Ma'aunin da ya fi sauƙi kuwa shi ne asuba. Duk daren da zai cinye muku sallar asuba ya fi ƙarfin aljihunku, ko da kyauta aka ba ku shi.

Wannan ba izini ba ne na raina masu gari. Wanda kuka gani da kwalba a hannu a garinsa yake, ba wa'azi aka aiko ku ba, ba kuma ɗaukar mutane a waya don a yi dariya a gida ba. Su ma suna da nasu ƙa'idojin. Kafin bikin Homowo mutanen Ga kan hana kiɗa da hayaniya a Akra har wata guda, kowa kuma ya bi. Baƙon kirki yana kama kansa, yana kuma kama bakinsa.

Ku je, 'ya'yana. Ku hau gadar igiya ta dajin Kakum ku ji yadda gwiwa ke rawa. Ku wuce Takoradi, ku shiga kwalekwale zuwa Nzulezu ku ga garin da aka kafa a kan ruwa. Ran Juma'a ku yi salla a babban masallacin Kanda a Akra, ku ga yawan 'yan uwan da kuke da su ba ku sani ba. Duk garin da kuka sauka ku fara neman zango ku gai da dattawa tun kuna da lafiyarku da kuɗinku, kada sai wahala ta kai ku. Tsarabata kuma ba ta da tsada: kwalbar shito guda, da labarin cewa kun baro sunan nan yadda kuka same shi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.